Iska, Hadari da Ruwan Sama: Darasi a kan Sababi da Mai Sababi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya dare da rana. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan bazara ta kama, tambayoyi iri biyu sukan yawaita a masallatanmu na Sabon Gari da sauran unguwannin Maraɗi. Wasu suna tambaya ko ya halatta Musulmi ya saurari ma'aikatan meteo a rediyo suna cewa gobe za a yi ruwa, alhali kuwa sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Wasu kuma, galibi samari da suka yi karatun lakwal, suna tambaya mene ne amfanin fita roƙon ruwa tunda an riga an san yadda hadari yake haɗuwa. Lalle tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne, watau rashin sanin iyakar da ke tsakanin sababi da Mai sababi. Kuma al'amarin ya shafi rayuka da dukiya, domin wanda ya ƙi jin gargaɗi yana iya rasa iri da gida har ma da rai, wanda kuma ya dogara ga na'ura ya manta Ubangijinsa ya yi hasarar da ta fi wannan girma. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe darasin wannan fitowa ga bayanin iskar da ta kewaye duniya da yadda damina take zo mana, sa'an nan mu koma ga hukunci.

Na Farko: Rigar iska da ta lulluɓe ƙasa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, sararin da ke tsakaninmu da gajimare ba fanko ba ne. Cike yake da iska, ita kuwa iska jiki ce mai nauyi ko da yake ido ba ya ganinta. Masana sun auna sun tarar cewa a bakin teku iska tana danna kowane ɗan gurbi da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba da nauyin kimanin kilo 1. Abin da ya sa ba mu jin wannan nauyi shi ne jikinmu ma yana turawa daga ciki daidai gwargwado. Wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Torricelli shi ya ƙera ma'aunin nauyin iska a shekarar 1643, kuma har yau hawa da saukar wannan nauyi yana cikin abubuwan farko da masu lura da yanayi suke dubawa.

Iskar nan gauraye ce. Idan aka kasa busasshiyar iska kashi 100, kashi 78 nitrojin ce, kashi 21 oksijin ce, watau wadda huhu yake buƙata kuma wuta ba ta ci sai da ita. Ɗan abin da ya rage, mafi yawansa wata iska ce da ake kira argon, sai kuma iskar kabon wadda muke fitarwa da numfashi, tsirrai kuma su sha. Bayan waɗannan akwai tururin ruwa, wanda yawansa yake canzawa daga wuri zuwa wuri da kuma daga wata zuwa wata. Tururin nan da iskar kabon, duk da ƙarancinsu, su ne suke riƙe wani sashe na zafin da ƙasa take fitarwa, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. An ƙiyasta cewa ba domin su ba, matsakaicin zafin duniya zai kasance digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kimanin digiri 15 da ake da shi. Wata ba shi da wannan riga, shi ya sa da rana zafin bayansa yake haura digiri 100, da dare kuma sanyinsa ya wuce digiri 150 ƙasa da sifili. To, wannan ni'ima muke shaƙa dare da rana ba tare da mun biya ko dala ba.

Na Biyu: Hawa-hawan iska

Masana sun kasa wannan riga hawa-hawa bisa ga yadda zafi yake canzawa. Hawa na farko ya tashi daga ƙasa zuwa kimanin kilomita 16 a yankinmu, a ƙarshen duniya na arewa da na kudu kuwa bai wuce kilomita 8 ba. A cikinsa ne gajimare da hadari da hazo da guguwa suke, kuma a nan mafi yawan iska da kusan dukkan tururin ruwa suka taru. A wannan hawa, duk kilomita 1 da mutum ya ɗaga sama zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa Jos a Nijeriya da dutsen Bagzam a Ayar suka fi Maraɗi sanyi, kuma shi ya sa ƙanƙara take iya faɗowa a tsakiyar zafi, domin can ƙololuwar hadari sanyi ne mai daskarar da ruwa.

Hawa na biyu ya kai kimanin kilomita 50. A cikinsa ne iskar ozon take, wadda take tare mafi yawan wani haske mai cutarwa da ke fitowa daga rana, mai ƙona fata da lalata ido. A shekarar 1985 masana daga Ingila suka bayyana cewa wannan kariya ta yi rauni ƙwarai a saman ƙarshen duniya na kudu, saboda wasu sinadarai da ake sa wa firiji da makamantansa. A 1987 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada a kan daina amfani da su, kuma awo ya nuna ozon yana farfaɗowa sannu a hankali. Hawa na uku ya kai kimanin kilomita 85, nan ne mafi yawan tsakuwoyin da ke faɗowa daga sarari suke ƙonewa, mu kuma mu hange su da dare kamar tauraro ya yanke. Daga nan iska tana ƙara sirancewa har ta ƙare.

Malaman Musulunci na farko sun yi bincike a wannan fage. Alƙali Ibn Mu'az na birnin Jayyan a Andalus, a ƙarni na 11 na Miladiyya, ya lura cewa hasken alfijir da shafaƙi hasken rana ne da yake bugun iskar sama alhali ita ranar tana ɓoye. Da wannan ya yi lissafi ya samu cewa tsawon iskar ya kai kimanin mil 50, adadin da bai yi nisa da iyakar hawa na uku ba. Ashe ke nan ba domin rigar iska ba, da babu alfijir babu shafaƙi, da rana ta faɗi sai duhu ya rufe nan take. Kamaluddin al-Farisi kuma, a farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi tafiyar haske a cikinsa, ya bayyana yadda bakan gizo yake samuwa daga ɗigon ruwa.

A nan akwai jan kunne. Wasu masu wa'azi, da kyakkyawar niyya, sukan ce waɗannan hawa-hawa su ne sammai bakwai da Alƙur'ani ya ambata. Wannan magana ba ta da dalili. Rabon hawa-hawan iska tsari ne na masana domin sauƙaƙa karatu, wani ya ƙirga huɗu wani ya ƙirga biyar. Bai kamata a ɗora maganar Allah a kan ƙidayar da take canzawa ba.

Na Uku: Hunturu da damina

Rana ce Allah Ya sanya ta zama mai motsa iska. Inda ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta takan yi sauƙi ta tashi sama, sai wata iska ta taho daga inda ya fi sanyi ta maye gurbinta. Wannan tahowa ita muke ji muna cewa iska tana kaɗawa.

Ƙasarmu tana tsakanin manyan iskoki biyu. Ta farko tana fitowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, busasshiya ce ba ta ɗauke da laima. Ita ce iskar hunturu da take mulki tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Mafi yawan ƙurar da take kawowa tana tasowa ne daga wani kwari a ƙasar Cadi da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon tabki, kuma ƙurar nan takan ƙetare teku har Amurka ta Kudu. Da yake babu tururi a sama da zai riƙe ɗumi, zafin yini yakan tsere da dare, shi ya sa ruwan alwalar Asuba yake yanka hannu a watan Janairu. Hazon nan ne kuma yake hana ganin jinjirin wata a wasu shekaru, kuma a watannin ƙura da zafi ne ciwon sanƙarau ya fi yaɗuwa, kamar yadda aka gani a annobar 1995 a Nijar.

Ta biyu tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun da ke kudancin Nijeriya, kimanin kilomita 800 daga Maraɗi, tana ɗauke da tururi mai yawa. Inda iskokin nan biyu suka yi karo akwai wata iyaka da masana suke bin tafiyarta kowace rana. Iyakar tana bin rana. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku. Yayin da rana take ƙara karkatowa arewa, har ta tsaya daidai kan Maraɗi wajen ƙarshen Afrilu, sai Sahara ta yi zafi matuƙa ta jawo iskar teku zuwa cikin ƙasa. A watan Agusta iyakar takan kai arewacin Agadas, daga nan ta juya kudu, damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Abin lura shi ne, isowar iskar kudu ba ita ce isowar ruwa ba. A bakin iyakar, laimar ba ta da kauri, busasshiyar iska tana kwance a kanta. Shi ya sa a watan Mayu ake jin gumi da ƙunci, a ga hadari ya haɗu, ya yi iska da ƙura ya watse ba ɗigo. Sai iyakar ta wuce mu da nisa, laima ta yi kauri, sa'an nan damina take zama. Mu kuwa a gefen arewa na wannan tafiya muke. Matsakaicin ruwan da Maraɗi take samu a shekara kimanin milimita 500 ne, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Idan iskar kudu ta yi rauni ko ta makara da ƴan makwanni, Kano tana iya samun abin da ya ishe ta, mu mu shiga fari.

Na Huɗu: Yadda hadari yake haɗuwa

Kowace uwargida ta san cewa idan ta buɗe tukunya mai tafasa, ruwa yakan taru a cikin marfi. Tururi ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Haka al'amarin gajimare yake. Iska mai laima tana tashi sama, tana yin sanyi, har ta kai inda ba ta iya riƙe tururinta, sai ya koma ƙananan ɗigo a jikin ƙwayoyin ƙura. Tarin waɗannan ɗigo shi ne gajimare. Idan suka yi ta karo suna haɗuwa har suka yi nauyin da iska ba ta iya ɗauka, sai su faɗo.

Akwai wani sirri a nan. Ruwan randa yana yin sanyi ne domin ruwan da yake tsatsafowa ta jikinta yana kwashe zafi yayin da yake bushewa. To, zafin da tururi ya kwasa ba ya ɓata, yana sakinsa ne a sama lokacin da ya koma ruwa. Wannan zafi yana ƙara tura iska sama, sai gajimaren ya yi ta tsawo har ya kai kilomita 15 ko fiye. Wannan shi ne hadari.

Manomi yakan yi mamaki: tunda laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari yake tasowa daga gabas? Amsa ita ce, iskar kudu a ƙasa-ƙasa take tafiya, amma a samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da take gudu daga gabas zuwa yamma, ita take kora hadarin. Sau da yawa hadarurruka sukan haifu da la'asar a kan tuddai kamar na Ayar da na Jos, su jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su yi ta tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Mafi yawan ruwan Sahel daga irin wannan sahu yake samuwa. Saboda haka idan aka ji an yi ruwa mai ƙarfi a Damagaram da Magariba, ba abin mamaki ba ne ya iso Tasawa da Maraɗi cikin dare. Jar ƙurar da take riga ruwa isowa kuwa, iska ce mai sanyi da take faɗowa daga cikin hadarin ta bazu a gabansa, ita ce mai yaye kwano da karya itace.

Walƙiya wutar lantarki ce da take taruwa saboda gogayyar ƙanƙara a cikin gajimare. Tana zafafa iskar da ta ratsa zuwa kimanin digiri 30,000, iskar ta buɗe da ƙarfi, mu ji tsawa. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, to tsakaninku kilomita 1 ne kawai, sai ka nemi ɗaki.

Na Biyar: Abin da awo da tarihi suka nuna

Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. A ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, an ba da rahoton cewa kimanin milimita 150 sun zuba a Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, watau fiye da rubu'in ruwan shekara. Gida mai mita 20 a kowane gefe ya karɓi lita 60,000, daidai da ganga 300 masu cin lita 200. Gidaje sun rushe, an rasa rayuka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƴan kwanaki bayan haka, a ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya faɗi. A faɗin Nijar mutanen da suka rasu a daminar nan sun kusa 400, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne, tun a watan Afrilu na wannan shekara masanan yankin sun sanar cewa ana sa ran damina mai ruwa da yawa a Sahel, tare da haɗarin ambaliya. Mu tambayi kanmu mutum nawa ne suka ji, kuma cikin waɗanda suka ji mutum nawa ne suka yashe magudanar ƙofar gidansu.

Wannan ba shi ne na farko ba. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadama yake, sai ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe shi, aka tayar da gari zuwa tudun da muke kai yau. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya da Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Nijeriya. Ruwan da ya sauka can yana iya iso mana ko da sararinmu garau yake.

Ta ɗaya gefen kuma, dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, haka nan da yunwar 2005 wadda ta fi tsanani ga ƙananan yara a jihar Maraɗi. Farin shekarun 1970 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin horar da masu lura da yanayi da ruwa da amfanin gona. A farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani na Jiratawa, inda ake jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Sai dai mu sani cewa ruwan rijiya ma ajiyar damina ce, abin da ƙasa ta sha shi take bayarwa.

Bugu da ƙari, awo ya tabbatar da cewa duniya tana ƙara zafi. Iskar kabon ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da sare dazuzzuka. Duk digiri 1 da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwa yana iya zuwa da yawa a dare ɗaya, sa'an nan ya ɗauke makwanni. Zafi ma yana kisa: a watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na Mali, a aikin Hajjin wannan shekara kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu, mafi yawansu saboda zafi.

Na Shida: Hasashe daban, duba daban

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Ma'aikacin meteo yana auna zafi da laima da nauyin iska a tashoshi irin ta filin jirgin Maraɗi. Ana sakin balan-balan masu ɗauke da ma'aunai zuwa sama, tauraron ɗan Adam kuma yana aiko da hoton gajimaren Afirka kowane minti 15 ko ƙasa da haka, sa'an nan kwamfuta ta yi lissafi. Wanda ya ga hadari a hoto yana tafe daga gabas ya ce zai iso nan da awa 5, bai yi da'awar gaibu ba. Hukuncinsa ɗaya da makiyayin da ya hangi baƙin hadari ya kora garkensa gida, sai dai idonsa ya fi hangen nesa. Gaibun da Allah Ya keɓanta da shi, wanda ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta yi nuni gare shi, shi ne sani na yaƙini wanda ba ya kuskure kuma bai dogara ga alama ba. Mai hasashe kuwa zato mai rinjaye yake bayarwa, yana dacewa yana kuskurewa, kuma duk yadda kwanaki suka yi nisa haka zatonsa yake raunana. Ba zai iya gaya maka gonar wa ruwan zai tsallake ba.

Fiƙihunmu ya san wannan bambanci. A mazhabar Imamu Malik an yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa mai yawa, kuma malaman mazhaba sun haɗa da ruwan da ake tsammanin saukarsa bisa ga alamomi. Ashe shari'a ta gina hukunci a kan karanta alamar sama.

Abin da aka haramta shi ne jingina ruwa ga wanin Allah. Ya zo a hadisin Zaidu bin Khalid (R.A.), a cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, cewa bayan an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da sahabbai cewa mutane sun kasu biyu: mai jingina ruwan ga falalar Allah, shi ne mumini, da mai jingina shi ga tauraro, shi kuwa ya kafirce. Malamanmu na zaure suna da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Ɗarfa da Jabha. Wanda ya riƙe su a matsayin kalandar da take nuna lokacin shuka da girbi, babu laifi a kansa, kamar yadda Imamu Shafi'i ya bayyana. Wanda ya ƙudurce cewa tauraron ne yake saukar da ruwa, ya faɗa cikin abin da hadisin ya yi gargaɗi a kai. Haka nan wanda ya je wurin boka ko ɗan bori domin a kira ruwa ko a ɗaure shi, ko ya yi yanka a gindin kuka ko bakin tabki. Haka kuma wanda ya ƙudurce cewa iskar kudu ita take yin damina da ikon kanta.

Da wannan amsar tambaya ta biyu ta fito. Sanin hanyar da ruwa yake bi bai ba kowa ikon kawo shi ba. Masana sun san cewa ƙarfin daminarmu yana da alaƙa da ɗumin tekuna masu nisan dubban kilomita, amma babu wanda ya isa ya ƙara wa teku digiri ɗaya ko ya rage domin gonarsa. Sallar roƙon ruwa sunna ce tabbatacciya: raka'a 2 da hantsi, ba kiran salla ba iƙama, sai huɗuba da yawan istigfari da juya mayafi, bayan an gabatar da tuba da sadaka da mayar da haƙƙoƙi. Sayyidina Umar (R.A.) ya fita da mutane roƙon ruwa a farin shekara ta 18 bayan Hijira, kuma a wannan farin ne ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina. Ya yi addu'a, ya kuma yi aiki.

Na Bakwai: Abin da ya rataya a wuyanmu

Na ɗaya, mu saurari sanarwar hukumar meteo ta ƙasa a Muryar Sahel da sauran gidajen rediyo, limamai da ladanai kuma su isar da gargaɗin ambaliya ko na zafi ta lasifikar masallaci. Wannan yana cikin nasiha ga Musulmi.

Na biyu, manomi ya yi hattara da ruwan farko. Masana aikin gona suna ba da shawarar a jira ruwan da ya kai kimanin milimita 20 cikin kwana 1 zuwa 3, a kuma ji ko ana sa ran dogon tsaiko a bayansa. Mai yin binne ya san cewa ƙaramin ruwa yana iya tsirar da iri rana ta ƙone shi, saboda haka kada ya zuba irinsa duka. A nemi shawarar malaman gona da cibiyar INRAN ta Tarna a kan iri mai saurin nuna.

Na uku, kowane masallacin ƙauye yana iya ajiye ma'aunin ruwa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da aka kafa a fili, da abin awo na ƴan makaranta, da littafi, sun isa. Bayan ƴan shekaru gari zai san daminarsa da lissafi.

Na huɗu, kafin Yuni a yashe magudanai, a gyara indararo, a yi yaɓe. Wanda ya zuba shara da leda a hanyar ruwa har ya juya shi gidan maƙwabci, ya ɗauki haƙƙi. Kada a sayi fili ko a sayar a kan hanyar ƙorama ko cikin fadamar da kakanninmu suka baro a 1945.

Na biyar, idan hadari ya taso kada a fake ƙarƙashin itacen da yake tsaye shi kaɗai, ko jikin tsohuwar katanga. A hana yara da almajirai wanka a kududdufi, kada kuma mai babur ko mai amalanke ya ratsa ruwa mai gudu.

Na shida, mu raya itatuwa. Sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma a gona, a jihar Maraɗi aka fara yaɗa shi a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta cewa ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo da ƴan'uwansa suna karya ƙarfin iska, suna taimakon ƙasa ta sha ruwa.

Na bakwai, a shekarar yalwa a tuna da shekarar ƙunci, kamar yadda Annabi Yusufu (A.S.) ya tsara wa mutanen Masar ajiyar hatsi. A fitar da zakkar amfanin gona a ranar girbi, a rage almubazzaranci a bukukuwan kaka, a bar wani abu a rumbu. Mai ɓoye hatsi domin ya yi tsada ya ji tsoron Allah.

Muna roƙon Allah Ya ba mu damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai rushewa ba. Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, Ya ƙara mana ilmi mai amfani da aiki da shi. Allah ne Mafi sani.